Manute Bol, Makiyayin Da Ya Ƙarar Da Dukiyar Ƙwallon Kwando A Kan Jama'arsa

A ran Asabar, 19 ga watan Yuni na 2010, Manute Bol ya mutu a asibitin Jami'ar Virginia da ke garin Charlottesville a ƙasar Amurka, yana da shekara 47 bisa ga abin da takardunsa suka nuna. Shekara goma ya yi yana buga ƙwallon kwando a gasar NBA, watau babbar gasar Amurka wadda ba ta da na biyu a duniya, ya kuma karɓi albashi na miliyoyin daloli, amma sa'ad da ajali ya riske shi ba shi da wani abin a-zo-a-gani. Wani kaso na kuɗin ya nutse a harkokin ciniki da ba su yi albarka ba, amma mafi yawansu sun tafi ne kudancin Sudan, ƙasar haihuwarsa, inda yaƙi ya shekara 22 yana cin jama'arsa.

An haife shi a Turalei, wani gari na ƙabilar Dinka a lardin Bahr el Ghazal, wanda yake cikin ƙasar Sudan ta Kudu tun daga 2011. Ranar da aka rubuta masa ita ce 16 ga Oktoba, 1962, ko da yake Kevin Mackey, mai koyar da 'yan wasa wanda ya fara karɓarsa a Amurka, ya faɗa daga baya cewa shi ne ya zaɓa masa wannan rana da hannunsa, kuma a ganinsa Manute ya girmi shekarun da aka ba shi nesa ba kusa ba. A ƙauyen makiyaya ba a ajiye littafin haihuwa. Mahaifinsa, Madut Bol, dattijo ne mai faɗa a ji daga gidan sarauta, shi ne kuma ya raɗa masa suna Manute, wanda ma'anarsa ita ce albarka ta musamman.

Dinka mutane ne da aka sani da tsawo da kuma son saniya. A wurinsu saniya ita ce dukiya, ita ce sadaki, ita ce diyya, har saurayi yakan tsara wa bijimin da ya fi so waƙa. A cikin wannan hali Manute ya tashi, yana bin shanun mahaifinsa daga makiyaya zuwa mashaya, bai zauna a aji ya yi wani karatun kirki ba. Bisa al'adar mutanensa an cire masa haƙoran ƙasa aka kuma yi masa tsaga a goshi, alamar ya zama namiji, bayan ya yi ta gudu yana ɓuya don kada a yi masa. Shi da kansa ya ba da labarin cewa yana saurayi ya kashe zaki da mashi wajen tsaron garke, 'yan jaridar Amurka kuwa suka riƙe wannan labari suka yi ta maimaita shi shekara da shekaru, kamar ba shi da wani tarihi sai shi.

Ya fara da ƙwallon ƙafa ne, tsawonsa ya hana. Yana ɗan shekara 15 ko sama da haka aka nuna masa ƙwallon kwando, ya tafi garin Wau ya koyi wasan, daga nan ya wuce Hartum, inda har ya shiga ƙungiyar ƙasa ta Sudan. Ranar da ya fara gwada tsalle ya cusa ƙwallo cikin kwando da hannu, sai ragar kwandon ta kama masa haƙoran sama ta fasa su. A Hartum ɗin ne wani Ba'amurke mai koyar da wasa, Don Feeley, wanda ya je horar da 'yan wasan Sudan a 1982, ya gan shi ya kuma shawo kansa ya tafi Amurka.

ZUWA AMURKA

Ya sauka birnin Cleveland a 1983, ba ya jin Turanci, bai kuma iya karatu da rubutu ba. Fasfo ɗinsa ya nuna tsawonsa ƙafa 5 da inci 2 ne, domin jami'in da ya auna shi a zaune ya auna shi. Ainihin tsawonsa kuwa ƙafa 7 da inci 7 ne, watau santimita 231, kuma in ya buɗe hannuwansa biyu daga wannan yatsa zuwa wancan akan sami ƙafa 8 da inci 6. A tarihin NBA kaf, Gheorghe Muresan na ƙasar Romaniya ne kaɗai aka rubuta wa tsawo daidai da nasa. Sai dai jikin ba ƙiba, nauyinsa bai wuce kilo 90 da 'yan kai ba, ƙafafu kamar sandunan kara.

A wannan shekara ƙungiyar San Diego Clippers ta zaɓe shi a zagaye na biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa da akan yi kowace shekara, amma hukumar gasar ta soke zaɓen da hujjar cewa bai cika sharuɗɗa ba. Ya zauna Cleveland yana koyon Turanci, bai taɓa buga wa jami'ar da ta ɗauki nauyinsa wasa ko guda ba, kuma daga baya aka hukunta jami'ar sabo da taimakon kuɗin da ta ba shi ba bisa ƙa'ida ba. A 1984 ya koma Jami'ar Bridgeport a jihar Connecticut, wadda take wasa a rukuni na biyu na gasar jami'o'i. A kakar wasa guda da ya yi a can, a kowane wasa yakan ci maki 22 da rabi a matsakaicin lissafi, ya kuma tare jifa bakwai. Zauren wasan jami'ar, wanda a da ba ya cika, ya riƙa cika maƙil duk ranar da zai fito.

Bai tsaya ya gama karatu ba. Yana bukatar kuɗi domin ya fitar da 'yar'uwarsa daga Sudan, wadda a lokacin ta sake faɗawa cikin yaƙin basasa. A 1985 ya buga wa wata ƙaramar ƙungiya mai suna Rhode Island Gulls, a cikin shekarar kuma Washington Bullets ta ɗauke shi a zagaye na biyu, shi ne mutum na 31 a jerin waɗanda aka zaɓa. Masana wasan da yawa sun ɗauka abin kallo kawai aka sayo domin a sayar da tikiti.

MAI TSARON KWANDO

A nan ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake. Mutum biyar-biyar ne suke karawa, kwandon kuwa a rataye yake ƙafa 10 daga ƙasa. Idan ɗan wasa ya jefa ƙwallo, mai tsaro yana da ikon ya kaɗe ta muddin tana kan hawa sama. Da zarar ta fara gangarowa zuwa kwando, taɓa ta laifi ne, a ba mai jifa makinsa. Sabo da haka tare jifa ba ya samuwa da tsawo kaɗai, sai an haɗa da sanin lokaci, kada a yi gaggawa kada kuma a makara, kada hannu ya sauka a jikin abokin karawa. Manute yana iya taɓa bakin kwandon yana tsaye ba tare da ya ɗaga diddige ba, ga shi kuma Allah ya ba shi wannan sanin lokacin.

A kakarsa ta farko, 1985 zuwa 1986, ya buga wasa 80 ya tare jifa 397, watau kusan biyar a kowane wasa. Ba a taɓa samun sabon shiga da ya yi haka ba, kuma a cikin dukan 'yan wasa Mark Eaton na Utah ne kaɗai ya taɓa wuce wannan adadi a kaka guda, da 456. A watan Janairu na 1986 ya tare jifa 15 a wasa ɗaya da Atlanta, ya sake yin haka da Indiana a watan Fabrairu na 1987. Abin da lissafi ba ya nunawa shi ne yawan waɗanda suka taho da gudu, suka hango shi tsaye a gindin kwando, suka fasa jifan suka juya da ƙwallonsu.

Ta fannin cin maki kuwa, gaskiya ita ce bai yi nisa ba. Ƙartin 'yan wasa masu nauyin kilo 120 sukan ture shi daga inda yake so ya tsaya, hannunsa kuma bai saba da ƙwallo tun yarinta ba. Da ya yi ritaya an lissafa masa wasa 624, maki 1,599, jifan da ya tare kuwa 2,086. Shi kaɗai ne a cikin waɗanda suka daɗe a gasar wanda yawan jifan da ya hana ya ɗara makin da ya ci. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, wanda suka yi zamani tare, ya fi kowa yawan tare jifa a jimlace da 3,830, amma a cikin wasa 1,238 ya tara su. In aka raba bisa kowane wasa, Manute yana gabansa, Eaton ne kawai ya fi shi.

A kakar 1987 zuwa 1988 Washington ta haɗa shi da Muggsy Bogues, mai tsawon ƙafa 5 da inci 3, watau mafi tsawo da mafi gajarta a gasar suka zama a ƙungiya ɗaya, masu ɗaukar hoto suka sami abin yi. Manute bai damu da a yi dariya ba, domin shi kansa gwanin barkwanci ne da tsokana, kuma abokan wasansa sun shaide shi da kaifin baki. A 1988 aka sayar da shi ga Golden State Warriors, inda mai koyarwa Don Nelson ya ba shi izinin yin abin da ba a saba gani ga dogaye ba, watau jifa daga bayan layin nesa mai maki uku. Dabarar Nelson ita ce in Manute ya tsaya can nesa, dole dogon abokan hamayya ya bar gindin kwando ya bi shi, hanya ta buɗe wa sauran. A wannan kaka ya gwada irin wannan jifa sau 91 ya ci 20, ya kuma sake zama na ɗaya wajen tare jifa da 345. Yadda yake jifan abin kallo ne: yakan kai ƙwallon can bayan ƙeya sa'an nan ya wurgo ta kamar mai harba majajjawa.

Daga 1990 zuwa 1993 yana Philadelphia 76ers, inda ya yi abota da Charles Barkley, albashinsa kuma ya haura dala miliyan ɗaya a shekara. A ran 3 ga Maris, 1993, a birnin Phoenix, ya jefa ƙwallo 12 daga nesa shida suka shiga, dukansu bayan an dawo hutun rabin lokaci, har 'yan kallon garin suka koma yi masa tafi, ko da yake ƙungiyarsa ce aka ci. Bayan haka jiki ya fara gazawa. Ya ɗan taɓa wasa a Miami, ya koma Washington da Philadelphia na 'yan kwanaki, sa'an nan Golden State, inda ya ji ciwo a gwiwa a watan Nuwamba na 1994 bayan wasa biyar kacal. Nan aikinsa a NBA ya tsaya.

YAƘIN DA YA CI DUKIYAR

Shekarar da Manute ya bar Sudan, 1983, ita ce shekarar da yarjejeniyar Addis Ababa ta 1972 ta rushe a zamanin Shugaba Ja'afar Numairi, sojojin kudu suka yi bore, Kanar John Garang ya kafa rundunar SPLA. Yaƙin bai tsaya ba sai 2005, kuma an ƙiyasta mutum miliyan biyu ne suka mutu ta hanyar harsashi da yunwa da cuta, wasu miliyan huɗu suka bar gidajensu. Yankin su Manute yana kan iyakar kudu da arewa, sabo da haka yana cikin wuraren da mahara 'yan sa-kai masu goyon bayan gwamnati suka fi kai wa farmaki, suna ƙone ƙauyuka suna kora shanu. Ta bakinsa, danginsa na kusa da na nesa kimanin 250 ne suka hallaka.

Yayin da takwarorinsa suke hutun ƙarshen kaka a bakin teku, shi yakan nufi sansanonin gudun hijira a kan iyakar Sudan da Habasha, inda dubban yara maza da suka yi tafiyar watanni a ƙasa suke zube ba iyaye. Ya yi ta zirga-zirga a majalisar dokokin Amurka yana roƙon a dubi halin da ake ciki, a lokacin da yawancin 'yan majalisar ba su san inda kudancin Sudan yake a taswira ba. Gidansa ya zama masaukin duk wanda ya fito daga gida. Haka kuma ba a ɓoye yake ba cewa ya ba SPLA kuɗi masu yawa, waɗanda rahotanni suka ƙiyasta sun kai dala miliyan uku da rabi. Wannan ɓangare na tarihinsa masu yabonsa sukan wuce shi da sauri, amma kuɗin da aka ba runduna a lokacin yaƙi ba abinci kaɗai suke saya ba, ita kuma SPLA ta dare gida biyu a 1991, ɓangaren Garang da na Riek Machar suka juya bindigogi a kan juna da kan talakawan da suke cewa suna karewa.

A 1997 ɓangaren Machar ya sa hannu a kan wata yarjejeniyar sulhu da gwamnatin Janar Umar al-Bashir. Manute ya gaskata cewa zaman lafiya ya zo, ya tattara ya koma Hartum, abin da ya ɓata tsakaninsa da abokansa da yawa na kudu waɗanda suka ɗauke shi ya sayar da su. An yi masa alkawarin muƙamin ministan wasanni. Shi Kirista ne, kuma ya faɗa daga baya cewa an gindaya masa sharaɗin ya sauya addini kafin a ba shi kujerar, ya ƙi. Bayan da Amurka ta harba makamai masu linzami a kan masana'antar magunguna ta al-Shifa a Hartum a watan Agusta na 1998, sai hukuma ta fara yi masa kallon ɗan leƙen asiri, aka kuma hana shi takardar fita. Mutumin da ake yi wa tafi a manyan zaurukan Amurka ya koma sayar da kayan ɗakinsa domin ya ciyar da iyali, ga ciwon gaɓɓai ya kama shi. A Hartum ɗin aka haifa masa ɗansa Bol Bol a 1999.

Sai a 2001 ya samu ya tsallaka Alƙahira. Masar ba baƙuwar ƙasa ba ce a wurinsa, domin a can ne tun shekarun baya ya koya wa wasu yara 'yan gudun hijira ƙwallon kwando, cikinsu har da 'ya'yan gidan su Luol Deng, wanda daga baya ya shahara a Chicago Bulls. Ya yi watanni yana jiran biza, harin 11 ga Satumba ya ƙara tsaurara al'amura, sai a 2002 aka bar shi ya shiga Amurka, wannan karon a matsayin ɗan gudun hijira, tare da taimakon tsofaffin abokai da Sanata Joseph Lieberman. Ya zauna West Hartford a jihar Connecticut.

Tun da kuɗi sun ƙare, abin da ya rage masa na sayarwa shi ne tsawon nan da mutane ke son kallo, ya kuwa sayar da shi ba tare da jin kunya ba. A 2002 ya yi dambe a gidan talabijin na Fox da William Perry, wani ƙaton tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, bisa sharaɗin a nuna lambar wayar gidauniyarsa ta agajin 'yan gudun hijira, Ring True, a kan allo. Ya kuma ci damben. A shekarar ya sa hannu na kwana ɗaya da ƙungiyar wasan ƙanƙara ta Indianapolis Ice alhali bai iya tafiya a kan ƙanƙara ba, ya zauna a benci har ƙafafunsa suka kumbura. Ya kuma taɓa sa kayan mahayin dokin sukuwa a wani filin tsere a jihar Indiana. Marubuta wasanni da yawa sun ce abin takaici ne a ga tsohon gwani ya zama abin dariya, kuma ba za a ce ba su da hujja ba; shi dai lissafinsa bai wuce abin da zai shiga asusun agaji ba.

A tsakiyar 2004 motar hayar da yake ciki ta yi haɗari a Connecticut, direban ya mutu, shi kuma ya karye a wuya, ya yi watanni a kwance ba shi da inshorar lafiya. Tsofaffin abokan wasansa, cikinsu har da Chris Mullin na Golden State, su ne suka tara masa abin biyan asibiti. Daga nan sai da sanda yake tafiya.

Shekarunsa na ƙarshe sun sha bamban da na farko. Lokacin da rikicin Darfur ya ɓarke a 2003, mutanen kudu da yawa ba su ji tausayin mutanen Darfur ba, domin 'ya'yan yankin da dama sun yi aikin soja a rundunar gwamnati da ta yaƙi kudu. Manute ya fito fili ya tsaya wa Musulmin Darfur, yana mai ganin cewa abin da aka yi wa mutanensa ne ake yi musu. A 2006 ya shiga tattakin mako uku da Simon Deng ya shirya daga ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a New York zuwa majalisar dokoki a Washinton. Ya koma garin Olathe a jihar Kansas da zama, ya haɗa kai da wata ƙungiya mai suna Sudan Sunrise, suka ƙudura gina makarantu 41 a faɗin Sudan, waɗanda za su karɓi kowane yaro ba tare da duban ƙabila ko addini ba. Ta farko a Turalei aka aza harsashinta, inda yara suke karatu a gindin bishiya, in damina ta sauka kuma a tashi.

A farkon 2010 yana kudancin Sudan yana duba aikin ginin, ya kuma tsaya domin zaɓen watan Afrilu, yana yawo ƙauye-ƙauye da ciwon ƙoda a jikinsa maimakon ya koma wurin likitocinsa. Da jiki ya tsananta aka kai shi Nairobi, inda ya kamu da wata muguwar cutar fata da ake kira Stevens-Johnson, wadda kan taso idan jiki ya ƙi wani magani, fata da cikin baki su yi ta saɓulewa. A watan Mayu ya isa Amurka, daga filin jirgin sama kusan sai asibiti, bai kuma sake fitowa ba. An yi masa addu'a a babbar majami'ar ƙasa da ke Washinton ran 29 ga Yuni, sa'an nan aka ɗauki gawarsa a cikin akwati mai tsawon ƙafa 8 zuwa Turalei aka binne shi kusa da kakanninsa. Ya bar 'ya'ya goma, makarantar kuwa ana cikin gininta.

Wata bakwai bayan mutuwarsa, a Janairun 2011, mutanen kudu suka jefa ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 99 cikin 100 suka zaɓi ɓallewa, aka kuma ɗaga tutar Sudan ta Kudu ran 9 ga Yuli. A Disambar 2013 sabuwar ƙasar ta faɗa nata yaƙin basasar tsakanin Shugaba Salva Kiir da Riek Machar. Ɗansa Bol Bol ya shiga NBA a 2019, ya buga wa Denver da Orlando da Phoenix. Luol Deng kuwa ya karɓi shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta Sudan ta Kudu a 2019, kuma a 2024 ƙungiyar ƙasar ta je wasannin Olamfik na Paris karo na farko, inda ta doke Puerto Rico da maki 90 da 79 a wasanta na farko.